Haddar Malama

Duk lauyoyin da ke shiga kotun iyali sun san Barista da suna A Taƙaice. Ba don yana taƙaitawa ba. Idan ya miƙe, ya tura tabaransa sama da ƙaramin yatsa, ya ce, "A taƙaice dai, Ya Mai Shari'a," magatakarda kan ajiye biro ya gyara zama, don ya san da sauran tafiya. Shi kuwa bai taɓa jin haushin sunan ba. Mutumin da ya haura hamsin, tumbi ya yi gaba, tsakiyar kai ta zama fili, ya kuma share fiye da rabin rayuwarsa yana raba aure, ai ya ji sunayen da suka fi wannan muni, wasu ma daga bakin waɗanda ya yi wa nasara.

Ofishinsa yana saman wani kantin katifa. Matarsa takan ce Allah ne ya haɗa su: a ƙasa a sayi katifa ana dariya, a sama a yi shari'ar wanda zai tafi da ita. Ɗaki ne ɗaya da 'yar baranda. Akwai tebur, akwai fanka mai kukan tsufa, akwai kwalin tishu da ba ya kwana uku bai ƙare ba, sai kujerun baƙi guda biyu da ya ajiye nesa da juna da gangan, nisan da hannu ba zai kai ba.

A kan ɗaya daga cikinsu Malama ta zauna ranar da ta fara zuwa. Yayanta ya zauna a ɗayar, yana ta karkaɗa makullin mota. Malamar lissafi ce a makarantar sakandare, siririya, mai magana a hankali kamar tana tsoron kada kalma ta faɗi ta fashe. Aurenta da Injiniya ya riga ya mutu, kotu ta raba su ba hayaniya. Ba ta neman gida, ba ta neman mota.

"Katifar ma ya riƙe," in ji Yaya.

Abin da take nema ɗaya ne: riƙon 'yarta mai shekara bakwai. Yarinyar tana hannun Gwaggo, yayar Injiniya, shi kuwa Injiniya aikin hanya yake yi, yau yana gari, gobe yana can inda kwalta ta ƙare. Don haka gaskiyar shari'ar ita ce, a ɗakin wa yarinyar za ta riƙa kwana, na uwarta ko na gwaggonta.

Barista ya duba takardu ya ga shari'a mai kyau, amma da rami ɗaya a tsakiya. Tun kafin auren ya mutu, Malama ta taɓa barin gida na wasu watanni, ta koma wurin Yaya, ba tare da yarinyar ba. A kan wannan ramin ɓangaren Injiniya suka kafa tukunyarsu: uwar da ta tafi ta bar ɗiya sau ɗaya, za ta sake.

"Barista," in ji Malama, tana murza gefen mayafinta, "gaskiyar magana, a lokacin nan ni..."

Ya ɗaga hannu. "Malama, kada ki ba ni abin da ban roƙa ba. Kin ga likita a lokacin?"

"Na gani."

"Ya ce ki huta?"

"Ya ce."

"Shi ke nan. Sauran ki bar wa zuciyarki."

Wannan ita ce hanyar aikinsa, kuma yana alfahari da ita. A ganinsa, ba mugun alƙali ne ke kayar da shari'a ba, ba kuma lauyan wancan ɓangare ba. Bakin wanda kake karewa ne. Ka saki mace ko namiji a akwatin shaida da zuciya cike, a minti biyar za su tona abin da ka share wata kana binnewa. Saboda haka shi ba ya barin kowa ya shiga kotu da bakinsa. Yakan zauna ya rubuta duk tambayar da za a iya yi, ya rubuta amsarta a ƙasa, a wanke, a goge, babu inda ƙugiya za ta kama. Daga nan a shiga gwaji. Yakan sa baƙar rigarsa a cikin ofis, ya haɗe rai, ya zama lauyan abokin gaba, ya yi ta jefo tambaya har sai amsa ta zauna.

Yawancin mutane sukan wahalar da shi. Wani ya manta, wata ta ƙara gishiri, wani ya fashe da kuka a tambaya ta uku. Malama kuwa, a zama na biyu ta haddace komai. Ya juya tambaya ta baya, ta amsa. Ya daka mata tsawa, ta amsa. Idan ya miƙe ya nuna mata yadda ake tsayuwa da yadda ake kallon alƙali, sai ta zuba masa ido irin na ɗalibar da ke zama a layin gaba, ba ta ko ƙiftawa.

Ya koma gida yana gaya wa matarsa cewa tun da ya fara aiki bai taɓa samun shaida irin wannan ba.

Da yana da wayon da yake tsammani, da a nan ya fara jin tsoro.

Ranar zama, kotun ta cika kamar kullum da mutanen da suka taɓa son juna. Alƙalin dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda ya san Barista tun yana da gashi. Injiniya yana zaune a dama, ya ƙura wa takalminsa ido. Kusa da shi Gwaggo ce, ta rungume wata ƙatuwar jaka a cinya kamar yarinyar ce a ciki. Lauyarsu kuwa ita ce wadda ake kira Almakashi. Ajinsu ɗaya da Barista a makarantar koyon aikin lauya, kuma tun a lokacin ba ta yin tambaya sai ta san inda za ta yanka.

Barista ya gabatar da Malama, ya yi mata tambayoyinsa, komai ya tafi kamar an shafa mai. Ya zauna yana jin daɗin kansa.

Almakashi ta miƙe, ta yi wa Malama murmushi irin na ma'aikaciyar jinya mai ɓoye allura a baya.

"Malama, sannu da tsayuwa. Tambaya ɗaya ce ke damuna. Me ya sa kika tafi kika bar 'yarki?"

Malama ta gyara tsayuwa. Ta ɗaga ƙaramin yatsanta, ta kai shi tsakanin idanunta, ta tura tabaran da ba ta taɓa sawa ba a rayuwarta.

"A taƙaice dai, Ya Mai Shari'a, na ɗauki matakin ne bisa shawarar ƙwararren likita, tare da la'akari da maslahar yarinyar, wadda ita ce gaba da komai."

Magatakarda ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. A bencin lauyoyi wani ya yi tarin ƙarya.

"Madalla," in ji Almakashi. "Bari in sake, wataƙila ban ji da kyau ba. Ranar da kika sa ƙafa kika fita, yarinya tana ina, ke kuma me ke ranki?"

Yatsa ya sake hawa. "A taƙaice dai, Ya Mai Shari'a, na ɗauki matakin ne bisa shawarar ƙwararren likita..."

Ko wasali ɗaya bai canza ba. Har inda Barista yake ɗan jan numfashi kafin "maslahar", ta ja.

Almakashi ta bar ta ta kai aya. Sannan ta rufe fayil ɗinta, ta tambaya a hankali, "Malama, kina son 'yarki?"

Wannan ba ta cikin takarda. Wane mahaukaci ne zai rubuta wa uwa amsar wannan? Malama ta buɗe baki, ta rufe. Ta laluba cikin kanta, shafi bayan shafi, ba ta samu ba. Sai ta juyo, a gaban alƙali da kowa da kowa, ta kalli Barista, tana jiran ya ba ta amsa.

Wannan kallon ya fi dariyar muni.

Alƙali ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar. "Barista, ban san kai ka haifi yarinyar nan ba. Allah ya raya."

Aka yi dariya, amma alƙalin bai yi ba.

"Tun safe nake son in ji uwa," ya ci gaba. "Har yanzu lauya nake ji, kuma shi na gaji da jin sa tun kafin a haifi yarinyar. Na ɗage zama zuwa gobe da safe. Malama, kina ƙarƙashin rantsuwa. Daga yanzu har ki sauka daga akwatin nan, ba ke ba tattauna shaidarki da kowa. Har da lauyanki. Musamman ma lauyanki."

A baranda Malama ta taho da sauri.

"Barista, na yi kuskure ne? Wallahi ban tsallake komai ba."

Abin da ya fi ci masa rai ke nan: ba ta tsallake komai ba.

"Malama, kin ji abin da alƙali ya ce. Ba zan iya yi miki magana a kai ba. Ki je gida ki ci abinci."

Ta tsaya tana kallonsa kamar ya rufe mata ƙofar aji. Yaya ya tura ta mota, ya dawo yana huci.

"Wace irin doka ce wannan, a hana mutum magana da lauyansa? To ji nan. Ni ba a rantsar da ni ba. Ka gaya mini abin da za ta ce, ni kuma ina tuƙi ina 'yar waƙata, idan ta ji, ta ji."

Barista ya daɗe yana kallon makullin da ke lilo a yatsan Yaya. Ba za a ce bai yi sha'awa ba. Amsar ma har ta fara haɗa kanta a cikin kansa, mai taushi, da ɗan wurin da za a yi shiru a share hawaye.

"A'a," ya ce.

"Tsoro kake ji?"

"Ina ji. Amma ba shi ba ne. Duk abin da na ba ka ka kai mata, sabuwar hadda ce. Gobe ta tashi ta karanto ta da muryata, da 'yar waƙarka a ciki. Ka kai ta gida kawai, Yaya. Kada ka ce mata komai."

A matakala ya haɗu da Almakashi tana saukowa, rigarta a hannu.

"Ɗalibarka ta ci jarrabawa, A Taƙaice. Ɗari bisa ɗari. Ka ba ta kyauta."

"Ki ji tsoron Allah."

"Ina ji. Shi ya sa ban tambaye ta lambar tabaranta ba." Ta ɗan rage murya. "Gobe tambaya biyu zan yi in zauna. Ba na buƙatar fiye da haka, ka riga ka yi mini aikin."

Da yamma ya kasa zama. Matarsa tana tsakar gida tana kwashe shanya, shi kuwa yana ta kai da kawowa tsakanin igiya da famfo, hannu a baya, yana magana da kansa. Ta bar shi ya yi sawu ya ishe shi, sannan ta miƙa masa bakin zanin gado.

"Kama nan, Baban yara, tunda ƙafarka ba ta gajiya. Wai ita matar, me ya fitar da ita daga gidan?"

"Likita ya ce ta huta."

"Wannan na ji, tun wancan makon kake rera mana shi a banɗaki. Me ya fitar da ita?"

Ya ja zanin, suka ninka. "Ban sani ba."

"Ba ta faɗa maka ba?"

"Ta fara. Na hana ta."

"Allah sarki," in ji ta, ta karɓe zanin. "Mu da muke gidan nan mun saba. Ita baƙuwa ce."

Ya zauna a kan bokitin da aka kife, ya shiga lissafi. Gobe idan Almakashi ta gama, doka ta ba shi dama ya sake yi wa shaidarsa tambayoyi. Zai iya cewa ba shi da tambaya, ya zauna da mutuncinsa, ya yi dogon jawabin rufewa, alƙali ya saurare shi cikin ladabi, sannan ya bar yarinya a hannun Gwaggo. Ko kuma ya yi abin da tun a shekarar farko ake gargaɗin kowane lauya kada ya kuskura: ya yi tambayar da bai san amsarta ba. Mai yiwuwa abin da ke cikin ramin nan ya fi ramin muni. Mai yiwuwa idan ya fito, ko ziyara ba za a ba ta ba. Kuma ko ya yi tambayar, ta yaya zai fitar da ita daga haddar, alhali shi ya gina katangar, kuma ya san ya gina ta da kyau?

Amma zama ba tambaya faɗuwa ce tabbas, sai dai faɗuwa ce mai tsabta, wadda ba za ta ɓata masa riga ba. Ya tuna yadda ta juyo ta kalle shi. Matar nan ta hau matakalar ofishinsa da bakinta, shi ya karɓe. Ko me zai faru, sai ya mayar mata da shi a gaban alƙalin nan.

Ya miƙe. Bokitin ya biyo shi, ya ɗan manne kafin ya faɗi.

Washegari Almakashi ta cika alkawari. Tambaya biyu, hadda biyu, ta zauna. Malama ta daina ɗaga yatsa, da alama ta gane wannan da kanta, amma ta riƙe hannun da ɗaya hannun kamar mai riƙe akuya. Idanunta sun kumbura.

"Barista, kana da tambaya?" in ji alƙali, da muryar wanda ke fatan a ce babu.

"Ina da ita, Ya Mai Shari'a."

Ya miƙe. Ya bar fayil a rufe. Ya cire tabaran gaba ɗaya ya sa a aljihu, don kada hannunsa ya ci amanarsa. Nan take kotun ta zama hazo-hazo, alƙali ya koma wani farin abu mai hula. Hakan ma ya fi masa sauƙi.

"Malama, ranar da kika bar gida, me ya faru?"

"Na ɗauki matakin ne bisa shawarar ƙwararren..."

"Wannan na san ta, Malama. Ni na rubuta ta."

Aka ji kujerar Almakashi ta motsa. Farin abu mai hula ya ɗaga hannu, kujerar ta koma.

"Barista, ka san abin da ka faɗa yanzu?"

"Na sani, Ya Mai Shari'a. Babu ƙarya a ciki, amma ba maganarta ba ce, tawa ce."

"Za mu yi wannan zancen ni da kai. Ci gaba."

Ya juya wajen akwatin. Malama tana kallonsa kamar ɗalibar da malaminta ya yaga littafin da ya ba ta da hannunsa. Ya gane idan ya sake jefa mata babbar tambaya, bayan katangar za ta koma. Sai ya nemi ƙananan, waɗanda bai taɓa ganin sun isa a rubuta ba.

"Da safe ne ko da yamma?"

"Da yamma."

"Kina ina a cikin gidan?"

"A ɗaki. A kwance."

"Barci kike yi?"

"A'a. Kwanciya kawai. Na daɗe ina kwanciya a lokacin."

"Tun yaushe?"

"Tun da cikin ya zube."

Babu wannan a fayil ɗinsa. Ya dafa tebur.

"Yarinyar tana ina?"

"Ta dawo daga makaranta. Maƙwabciya ce ke ɗauko ta, ni na daina iya fita. Babanta yana wurin aiki, idan ya bugo waya in ce lafiya lau." Muryar ta fara sauka daga inda ya ɗora ta, ta koma tata, ƙarama, mai tsayawa a tsakiyar magana. "Ta shigo ta ce, Mama kin ci abinci? Na ce na ci. Ta ce ƙarya ne, kofinki yana nan yadda na bar shi. Ta fita. Ni ko juyawa ban yi ba."

"Sai me?"

"Sai na ji ƙauri."

Ta ci gaba ba tare da an tambaye ta ba.

"Na same ta a kicin, ta jawo kujera ta hau. Ta kunna gas da kanta, za ta dafa mini shayi. Hannun rigar makarantarta ya kama. Ba ta ma yi ihu ba, tana ta hura shi da baki, wai kada in tashi." Malama ta saki hannun da ta riƙe. "Na kashe da tafina. Wutar ba ta kai fata ba. Amma na zauna a ƙasan kicin ɗin na ce, yau riga ce. Na san gobe ma ba zan iya tashi ba, na san jibi ma haka. Sai na canza mata kaya, na zuba sauran a jaka, na kama hannunta muka tafi gidan Gwaggo. Na durƙusa na ce, Gwaggo, ki riƙe mini ita, ni yanzu ba ni da amfani. Daga nan na wuce gidan yayana, shi ya kai ni asibiti."

"Haka aka yi."

Gwaggo ce, daga benci, ba wanda ya tambaye ta. Almakashi ta juya da sauri.

"Haka aka yi mana," Gwaggo ta maimaita, tana share ido da bayan hannu. "Da ƙafarta ta kawo ta. Tafinta duk ya tashi, na ce ta tsaya in sa mata magani ta ƙi. Ni ba wanda ya tambaye ni wannan. Cewa aka yi tun yaushe take hannuna, na faɗa."

"Baiwar Allah, a yi shiru," in ji alƙali, amma ba da ƙarfi ba.

Injiniya ya ɗago kai karo na farko tun jiya. Ko ba tabarau Barista ya ga bakinsa a buɗe.

Ya ce ba shi da sauran tambaya, ya zauna. Bai san ko ya ceci shari'ar ba ne ko ya ƙarasa ta. Ya dai ba kotu uwar da 'yarta ta kusa ƙonewa tana kwance a ɗaki.

Almakashi ta nemi izinin tambaya a kan sabon bayanin, aka ba ta. Wannan karon babu murmushi.

"Malama, wannan ciwon, ya tafi ke nan har abada?"

Barista ya runtse ido. Da shi ne, ya san amsar da zai rubuta.

"Ban sani ba," in ji Malama. "Likita ya ce zai iya dawowa. Ina shan magani, ina zuwa ganinsa, na koma aiki tun bara."

"Idan ya dawo fa, yarinya tana hannunki?"

"Zan kama hannunta in kai ta wurin Gwaggo, kamar wancan karon. Sai dai ba zan jira ƙauri ba. Kuma zan gaya wa babanta, ba zan ce lafiya lau ba." Ta kalli Almakashi ido cikin ido. "Jiya kin tambaye ni ko ina son ta. Ban iya amsa irin wannan a gaban mutane ba. Ki yi haƙuri."

Almakashi ta ɗan tsaya, ta duba takardarta, ta zauna.

Jawabin rufewar Barista shi ne mafi gajarta a tarihinsa, har magatakarda ya ɗago yana duban ko lafiya. Alƙali ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito. Ya ba Malama riƙon yarinya. Ya ce duk ƙarshen mako ta je gidan Gwaggo, ko wurin ubanta idan yana gari. Ya ce a riƙa kawo wa kotu bayanin likita lokaci-lokaci har shekara ta zagayo, idan an ga abin da ba a so, a dawo. Ba duk abin da suka nema ba ne, amma yarinyar za ta kwana a ɗakin uwarta.

"Barista kuma," in ji shi yana tattara takardu, "ka same ni a ofis. Yanzu."

A baranda Malama ta tare shi. Ba ta yi godiya ba, shi ma bai ga dalilin da za ta yi ba.

"Yaushe?" ta ce.

"Yau. Umarnin ya fara aiki tun da ya faɗe shi."

Ta duba agogon hannunta, ta juya tana neman Yaya, sai ta yi kiciɓis da Gwaggo, wadda ta fito da jakarta a rungume da ido jajir. Suka tsaya suna kallon juna. Injiniya yana can gefe ya jingina da bango, kamar mai son ya ce wani abu bai san ta inda ake farawa ba.

Gwaggo ce ta fara magana, a fusace, kamar faɗa.

"Ba ta shan ruwan sanyi yanzu, tari yake sa ta. Kuma takalmin makarantar ya matse ta, na ce a sayo wani, ubanta sai to, to. Idan za ki yi mata kitso kada ki ja gaban, kuka take yi."

"To, Gwaggo."

"Kuma ba yau za ki kwashe kayan duka ba. Ki bar mini na ƙarshen mako."

"To, Gwaggo. An kusa tashinsu daga makaranta. Mu je tare, kada ta ga ni kaɗai ta tsorata."

Gwaggo ta yi ƙwafa, ta gyara jaka, ta wuce gaba. Suka sauka matakala, Gwaggo tana ta lissafo abin da yarinya ke ci da abin da ba ta ci, Malama tana biye, Yaya yana bayansu da makulli yana tambayar wace mota za a shiga.

Barista ya bi su da kallo har suka sha kwana. Sannan ya soke rigarsa cikin wando, ya ja tumbi ciki iyakar yadda zai jawu, ya nufi ƙofar alƙali ya ƙwanƙwasa.